Yadda za ka bi wata dare talatin har ka san inda zai tsaya

Duk shekara abu ɗaya nake gani a unguwarmu. Ranar 29 ga Sha'aban, ana sallame Magariba sai mutane su yi cirko-cirko a ƙofar masallaci, kowa ya ɗaga kai. Wani na kallon tsakiyar sama, wani ya juya gabas, wani na nuna tauraro yana cewa ga shi can. Kashegari kuma a shiga gardama: wannan watan ai ya yi girma, ɗan kwana biyu ne, an ci mana azumi. Abin yana damuna ƙwarai, domin masu gardamar nan mutanen kirki ne masu son su yi ibada daidai. Matsalarsu ɗaya ce: dare biyu kacal suke neman wata a shekara, daren azumi da daren salla, kuma su ne dararen da ya fi wuyar gani.

Ni malamin makaranta ne a nan Gombe. Shekaru da dama ina ba ɗalibaina da yaran gidana wani aiki na wata guda, kuma duk wanda ya kammala shi ba ya sake neman jinjirin wata a inda ba zai taɓa kasancewa ba. Daga wurin Baffana na Dukku na fara sha'awar abin. Muna yara mukan tambaye shi, "Baffa, yau nawa ga wata?" Sai ya fita tsakar gida, ya ɗaga kai, ya ce tara ne ko goma. Bai taɓa kuskure da fiye da kwana ɗaya ba, kuma babu kalanda a ɗakinsa.

Kayan aiki da wurin tsayuwa

Ƙaramin littafin rubutu, fensir, agogo, sai hannunka. Daga baya za a bukaci lemon zaƙi ɗaya da fitila da ƙwallon ƙafa.

Ka zaɓi wuri ɗaya da za ka riƙa tsayawa kullum, kada ka canza shi. Garin Gombe a cikin kwari yake, ƙasa tana hawa ta wajen yamma. Wanda ke Jekadafari ko Bolari ko Herwagana zai iya yin yawancin aikin a filin makaranta ko saman bene, amma daren 29, wato yammacin ranar 29 ga wata da ake neman jinjiri, gara ya hau ta wajen Tumfure a hanyar Bauchi, ya sami inda gini ko bishiya ba su tare yamma ba. Ka nisanci fitilun titi. A shafin farko ka zana abin da ke gabanka idan ka fuskanci yamma: bishiyar darbejiya, turken wuta, hasumiyar masallaci. Su ne alamominka.

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazon hunturu ya sauko. Hazo yana cinye ƙasan sama gaba ɗaya, wani lokaci rana kanta takan ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Da damina akwai gajimare, sai dai yammacin da aka yi ruwa aka ɗauke sama takan yi tas fiye da kowane lokaci.

Mataki na farko: mayar da hannunka ma'auni

Miƙa hannunka gaba ɗaya, ka dunƙule shi, ka rufe ido ɗaya. Faɗin dunƙulen nan a sama kimanin digiri 10 ne. Don ka tabbatar, fara daga inda sama ta haɗu da ƙasa, ka riƙa ɗora dunƙule kan dunƙule har tsakiyar kanka. Ya kamata ka sami tara, wato digiri 90. Yaro ma zai sami kusan haka, domin hannunsa ƙarami ne amma kuma gajere ne. Kan ɗan ƙaramin yatsanka digiri 1 ne, kuma zai rufe cikakken wata har da saura, don faɗin wata rabin digiri ne kawai. Yara ba sa yarda da wannan sai sun gwada.

Ka riƙe wani lissafi guda: saboda juyawar duniya, duk abin da ke sama yana tafiya yamma digiri 15 a awa ɗaya, dunƙule ɗaya da rabi ke nan. Don haka abin da yake dunƙule ɗaya sama da ƙasa a yamma, saura masa kamar minti 40 ya faɗi. A nan wajenmu, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, digiri 10 kawai a arewa, rana da wata kusan a miƙe suke sauka, shi ya sa lissafin yake aiki da kyau.

Mataki na biyu: fara daga daren uku

Kada ka fara da daren ɗaya, za ka karaya. Fara daren uku ga wata, lokacin da kowa ke iya ganinsa. Da an idar da Magariba ka je wurinka. A Gombe rana tana faɗuwa tsakanin shida saura kaɗan a Nuwamba zuwa wajen bakwai saura ashirin a Yuli, saboda haka ka ɗaura lokacinka da salla, ka riƙa zuwa minti 15 bayan kiran salla kullum.

Abu huɗu za ka rubuta: kwanan wata, lokaci, dunƙule nawa ne tsakanin wata da inda rana ta faɗi, sai zanen siffarsa yadda ka gan ta. A zanen ka kula da inda cikinsa mai haske yake kallo. Za ka ga kullum yana kallon inda rana take, ƙahonninsa kuma sun ba ta baya. A ƙasarmu jinjirin yamma kamar ƙwarya yake zama, bakinsa sama, wani lokaci ya ɗan karkata dama ko hagu gwargwadon lokacin shekara. A Turai ya fi yawan tsayawa a tsaye, shi ya sa hotunan wasu littattafai suke rikita yara.

A waɗannan dararen na farko ka duba cikin ƙwaryar da kyau. Za ka ga sauran jikin watan yana nan, da wani haske dushi-dushi kamar toka. Wannan hasken rana ne da ya bugi duniyarmu, ya koma kan wata, ya sake dawowa idonka. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibi wannan sai ya yi shiru, domin a nan yake fara gane cewa wata bai taɓa raguwa ba, dunƙulallen abu ne ko da yaushe.

Kashegari a daidai wannan lokaci ka sake aunawa. Za ka tarar ya matsa sama, ya nufi gabas da dunƙule ɗaya da ɗan ɗori, kimanin digiri 12. Jibi ma haka. Wannan matsawar ita ce tafiyar wata ta gaskiya a kewayen duniya. Fitowarsa daga gabas da faɗuwarsa a yamma kuwa juyawarmu ce. Saboda wannan matsawar ne yake jinkirin fitowa da faɗuwa da kusan minti 50 kowace rana. Ka ja layi a ƙarƙashin minti 50 ɗin nan, za mu sake haɗuwa da shi a bakin teku.

Wajen daren bakwai za ka same shi a saman kanka da Magariba, rabinsa haske rabinsa duhu, hasken yana kallon yamma, kuma zai faɗi wajen tsakar dare. Daga daren tara ko goma ka fara nemansa tun da La'asar a gabas, fari fat kamar guntun gajimare. Daren sha huɗu ko kusa da haka, rana na faɗuwa a bayanka shi kuma yana ɓullowa a gabanka ta wajen dutsen Liji, cikakke, ya kwana yana haske har Asuba. Su ne fararen kwanakin da ake azumin nafila, 13 da 14 da 15. Idan ya yi maka girma sosai lokacin fitowa, sa ɗan yatsanka ka auna, ka sake aunawa idan ya hau sama. Girman ɗaya ne, ido ne yake ruɗuwa.

Mataki na uku: koma Asuba

A nan yawancin mutane suke sakin aikin. Bayan sha biyar za ka fita da Magariba ka tarar babu wata, sai bayan Isha, daga baya ma sai an yi barci. Kada ka tsaya jiransa da dare. Mayar da lokacin dubawarka bayan sallar Asuba. Za ka same shi a yamma, gefe ɗaya ya fara zaizayewa, kuma kowace safiya yana matsowa gabas da dunƙulen nan ɗaya da ɗori. Wajen 21 ko 22 yana saman kai da Asuba, rabi kuma, amma yanzu hasken gabas yake kallo. Daga 25 zuwa 27 ya koma siriri a gabas, yana fitowa gab da rana. Wannan ne siffar da aya ta 39 a Suratu Yasin ta kwatanta da tsohon itacen tumun dabino da ya bushe ya lanƙwashe. Wanda ya taɓa ganinsa da ido a irin wannan safiya yana jin ayar daban.

Ka rubuta safiyar ƙarshe da ka gan shi da tazararsa da inda rana za ta fito. Wannan lambar tana da amfani sosai. Idan tazarar dunƙule ɗaya da rabi ce, to saura masa aƙalla kwana ɗaya da kwata ya cim ma rana, sannan yana bukatar kusan wani kwana ɗaya kafin ya yi nisan da za a gan shi a yamma. Wanda ya ga siririn wata ƙarara da Asuba a gabas, kada ya sa ran jinjiri a yammacin wannan ranar.

Mataki na huɗu: lemo da fitila

Tsakiyar watan, wani dare da aka ɗauke wuta, ka tara yara a ɗaki. Ajiye fitila ɗaya mai ƙarfi a kan wani abu daidai tsayin kai. Soke lemo da fensir ka riƙe da miƙaƙƙen hannu. Fitila ce rana, lemo ne wata, kanka kuma duniya.

Fuskanci fitilar, lemon yana tsakaninku. Gefen da kake gani duhu ne. Wannan shi ne ƙarshen wata, lokacin haɗuwarsa da rana, abin da ake kira haihuwar wata. Fara juyawa hagu a hankali, hannunka a miƙe. Siririn haske zai ɓullo a gefen lemon na wajen fitila, jinjiri ke nan. Idan fitila ta koma daidai kafaɗarka ta dama za ka ga rabi. Idan ta koma bayanka, ɗaga lemon sama da kanka kaɗan, za ka gan shi cikakke. Ci gaba da juyawa har ka dawo. Duk zanen da ke littafinka zai bayyana a jikin lemon nan ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu tambayi yaran: da muka ga rabi, inuwar wa ta rufe ɗaya rabin? Za su duba su ga babu inuwar kowa. Rabin lemon kullum yana cikin haske, rabi yana cikin duhu, abin da yake canzawa shi ne nawa daga cikin hasken yake fuskantarmu. Na sha jin manya, har da masu ilimi, suna cewa inuwar duniya ce take rage wata. Inuwar duniya aikinta daban, kuma ga shi: lokacin da fitila take bayanka, sauke lemon har inuwar kanka ta faɗa masa. Wannan shi ne kusufin wata, wanda a gargajiya ake cewa rana ta kama wata, yara su fito suna kaɗa gwangwani. Shi ya sa ba ya faruwa sai tsakiyar wata. Sannan ka sa lemon daidai tsakanin idonka da fitila ya tare ta: kusufin rana, wanda ba ya faruwa sai ƙarshen wata. Dalilin da ba a yin su kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace daga hanyar rana da digiri 5, rabin dunƙule, don haka yawanci yakan wuce ta sama ko ta ƙasa.

Da yawa za su tuna safiyar 29 ga Maris 2006, da rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina, mu kuma a nan ta rufe ba duka ba, gari ya yi wani irin haske kamar na yamma. Daren 27 ga Yuli 2018 kuma wata ya yi ja na awa 1 da minti 43. Akwai wani kusufin rana ranar 2 ga Agusta 2027, wanda zai cika a Masar da Jidda da Makka, mu mu ga wani ɓangare. Don Allah kada kowa ya kalli rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau, tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. Huda takarda da allura, ka ba rana baya, ka bar hasken ya ratsa hujin ya faɗa kan farar takarda. Za ka ga hoton ranar da inda aka gutsure ta.

Kafin ku watse ku yi wani gwajin. Ajiye kujera a tsakar ɗaki, yaro ya kewaye ta yana fuskantarta ko da yaushe. Kafin ya dawo inda ya fara, ya kalli bangon ɗakin duka huɗu, wato ya juya sau ɗaya a kan kansa. Haka wata yake yi: juyawarsa da kewayensa duk kwana 27 da ɗan ɗori ne, shi ya sa tabon da Baffana ya gani a fuskarsa shi muke gani yau. Amma daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, domin kafin ya gama kewaye duniya ita ma ta matsa a hanyarta, sai ya ƙara tafiyar kwana biyu ya sake daidaita da rana. Wannan rabin kwanan ne ya sa wani watan 29, wani 30. Ninka shi sau 12 ka sami kwana 354, ƙasa da shekarar rana da kusan kwana 11, abin da ya sa azumi yake zagaya bazara da damina da hunturu cikin shekara 33.

Mataki na biyar: shafin teku

Mu nan ba mu da teku, amma kusan kowane gida akwai wani da ke neman kuɗi a Legas ko Fatakwal ko Kalaba. Ka roƙe shi ya taimaka. Ya zaɓi wani turke ko ƙafar gada a bakin ruwan da yake haɗe da teku, ya tsaya a inda babu haɗari, ya riƙa turo maka hotonsa da lokaci. Za ku ga ruwan yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini da dare. Tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma cikar gobe tana jinkiri da kusan minti 50 a kan ta yau. Buɗe littafinka ka duba layin da ka ja. Lambar ɗaya ce, domin watan ne yake jan ruwan.

Ga yadda abin yake. Wata yana jan duniya, kuma ƙarfin ja yana raguwa da nisa. Ruwan da ke gefen da yake fuskantar wata ya fi jin jan a kan tsakiyar duniya, ita kuma tsakiyar ta fi ruwan da ke can ɗaya gefen. Sai ruwan teku ya yi tozo biyu, ɗaya ta wajen wata, ɗaya ta bayansa, duniya kuma tana juyawa tana ratsa su. Isaac Newton ne ya fara bayyana wannan da lissafi a 1687. Rana ma tana yin nata, amma saboda nisanta ƙarfinta a wannan aiki bai kai rabin na wata ba. Idan suka jeru a layi ɗaya, wato ƙarshen wata da daren sha huɗu, ƙarfinsu yakan haɗu, teku ya cika sosai ya kuma janye sosai. A daren bakwai da na 22 kowa na ja ta nasa gefen, sai cikar ta yi rauni. Ka ce wa ɗan'uwanka ya kwatanta hoton sha huɗu ko sha biyar da na bakwai ko takwas.

Siffar gaɓa tana canza abin ƙwarai, har ma da lokacin cikar, shi ya sa kowace tashar jiragen ruwa take da nata jadawalin. A Legas bambancin cika da janyewa kimanin mita 1 ne, a Kalaba ya kai wajen mita 3, a wani mashigin teku a Kanada mai suna Fandi kuwa yana kaiwa mita 16. Ɗalibai kan tambaye ni ko madatsar Dadin Kowa ma tana yi. Wata yana janta, amma faɗinta bai isa a sami bambancin ja tsakanin wannan gefe da wancan ba. Hawa da saukar ruwanta na damina ne da buɗe ƙofofi.

Mataki na shida: filin ƙwallo

Wata Asabar ka kai yara fili. Ajiye ƙwallon ƙafa a bakin raga, ita ce rana. Yi taku manya-manya 24, ka ajiye ƙwayar gero ɗaya, ita ce duniyarmu da duk abin da ke cikinta. Faɗin yatsu uku daga geron ka sa ƙwayar yashi, shi ne wata, kuma faɗin yatsun nan uku shi ne kilomita 384,400. Takun 24 kuwa kilomita miliyan 150 ne, tafiyar da haske yake yi a minti 8 da daƙiƙa 20. Sai sauran duniyoyin da ke kewaya rana: Uɗaridu yana taku 9 daga ƙwallon, Zara taku 17, Mirrihu mai ja taku 36. Mushtari, wanda 'yan boko ke kira Jufita, girman ƙaramin goro ne a taku 123, ya riga ya fita daga filin. Zuhalu mai zobe yana taku 226, Yuranus 453, Naftun kuma ya haura 700. Idan suka tambayi tauraro mafi kusa, gaya musu wata ƙaramar ƙwallo ce da za a ajiye a nisan da ya kusa ninka tafiyar Gombe zuwa Makka sau biyu.

Da dare za ka iya gane biyar daga cikinsu da ido. Ba sa ƙyalƙyali irin na taurari, haskensu a tsaye yake, kuma kullum suna kan hanyar da rana da wata suke bi. Wadda ta fi shafarmu ita ce Zara matar wata. Da yake tana tsakaninmu da rana, ba ta taɓa nisa da ita fiye da digiri 47, ƙasa da dunƙule biyar. Takan yi watanni tana fitowa da yamma, ta ɓace, ta koma Asuba a kira ta Gamzaki. Ka san inda take tun kafin daren 29, domin ita ce ta fi ruɗar masu neman wata.

Daren 29

Ka isa wurinka minti 15 kafin faɗuwar rana, ka riƙe alwalarka, ka tafi da mutum biyu ko uku. Abu mafi muhimmanci shi ne ka ga daidai inda rana ta nutse, ka sa masa alama da bishiya ko turke. Ku yi salla a nan. Daga minti 15 bayan faɗuwarta ka fara dubawa sama da alamar, daga rabin dunƙule zuwa dunƙule ɗaya da rabi, ka ɗan waiga dama da hagu kamar dunƙule guda. Nan kaɗai zai kasance. Kada ka kafe ido wuri ɗaya, ka riƙa shafa wurin a hankali. Idan kana da madubin hangen nesa kada ka ɗaga shi sai rana ta faɗi gaba ɗaya.

Kafin ka fito yana da kyau ka nemi lokacin haihuwar watan, ana samunsa a manhajojin waya. Idan bai kai awa 15 da haihuwa ba, ganinsa da ido kusan ba ya yiwuwa, haka ma idan tazararsa da rana ba ta kai digiri 7 ba. Daga awa 20 zuwa sama ne ake sa rai idan sama ta yi kyau. Idan kuwa ba a haife shi ba kafin faɗuwar rana, to babu abin nema. Ka kuma sani rana tana faɗuwa a Sakkwato kusan minti 24 bayan Gombe, don haka su da sauran garuruwan yamma suna da ɗan ƙarin dama a kanmu.

Idan ka ga wani abu, yi masa tambayoyi. Cikinsa yana kallon inda rana ta faɗi? Yana sauka a hankali, rabin dunƙule a minti 20? Idan ka kawar da kai ka dawo, kana sake samunsa? Na kusa da kai ya gan shi da ka nuna masa? Wata shekara na ga wani siririn haske, zuciyata ta buga, har na ɗaga hannu. 'Yata ta duba ta ce, "Baba, ai bakinsa gefe yake kallo, kuma yana ƙara tsawo." Sawun hayaƙin jirgin sama ne da rana ta haska daga ƙasa. Tun daga ranar ba na zuwa ni kaɗai, domin shaida a kan wata nauyin ibadar miliyoyin mutane ce.

Game da masu cewa ya yi girma: a ce daren 29 watan yana da awa 12 da haihuwa, ba a gan shi ba, aka cika 30. Kashegari yana da awa 36, tazararsa ta kusa dunƙule biyu, zai daɗe fiye da awa ɗaya kafin ya faɗi. Dole ya yi kauri, kuma duk da haka daren ɗaya ne. Tun zamanin sahabbai wasu sun ga jinjiri suka ce ɗan dare biyu ne ko uku, Abdullahi ɗan Abbas ya gaya musu na daren da suka gan shi ne.

Idan ka tabbata ka gani, rubuta lokacin da ka fara ganinsa, lokacin da ya ɓace, tsayinsa da dunƙule, ta wane gefen alamar rana yake, da inda ƙahonninsa suke kallo. Kada ka fara da sanyawa a Facebook ko WhatsApp. Kai maganar ga mai unguwa ko hakimi ko limamin Juma'a, su isar da ita fadar Sarkin Gombe, daga nan ta kai ga kwamitin ganin wata da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wanda shi ne yake sanarwa. Za a yi maka tambayoyi, amsoshinsu kuma suna cikin littafinka.

Idan minti 50 suka wuce ba ka ga komai ba, rubuta "ba a gani ba", ka ƙara da yanayin sama, hazo ne ko gajimare ko tas. Kashegari ka koma wurin, ka ƙara dunƙule ɗaya da ɗori a kan inda ka nema jiya, ka fara dubawa daga nan.